Babur ɗina ya mutu a hannun aminina wurin tsere, wata 4 ba ma gaisawa

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 27 a unguwar Zariya, nan Maradi, walda nake yi. Mu tara ne a fadarmu, abin da ya haɗa mu tseren babura ne na miƙaƙƙen layi: biyu su jera, a sauke hannu, wanda ya riga kai alama shi ya ci. Ranar Lahadi da sassafe muke yi, a kan kwalta bayan gari. Cikinsu akwai aminina, shekara 7 muna tare, shi ya yi jinyata lokacin da na karye a hannu. Wata 4 da suka wuce ya ari babur ɗina mai inji 150, wanda na sake wa salansa na kuma cire masa soson iska don ya ƙara gudu. Zai kara da wani yaro na wata fada, kowa ya aza jika 20. A zagaye na uku injin ya yi wata ƙara ya tsaya. Ga kuma gardama, su suna cewa a zagayen farko ya riga hannu tashi, kuɗin har yau na wurin mai riƙo. Bakanike ya ce gyara zai ci kamar jika 60. Aminina ya ce dama injin ba shi da lafiya, ni na ce shi ya kashe shi. Tun ranar ko gaisuwa ba ma yi, fada ta rabu biyu. Mahaifin wadda zan aura ya ji labari, ya ce abokan tsere ba abokan arziki ba ne. In bi kuɗina, ko in yafe in bar harkar gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Allah ya huci zuciyarka.

Ka ba mu zaɓi biyu, kuma duka biyun sun yi wuri. Wata 4 kuna jayayya a kan abin da ke rubuce cikin injin nan, amma ba wanda ya buɗe ya karanta. Inji ba ya son kai. Yadda ya mutu yana barin alama a jikin ƙarfe, alamar kuma tana nuna ko laifin mai shi ne, ko na wanda ya hau, ko na ƙurar Maradi. Saboda haka kafin a yi zancen kuɗi ko na yafiya, a kai babur ɗin wurin bakaniken da ba ya zama a fadarku kuma ba ya cikin wancan ɓangaren, a kwance shi a gabanku ku biyu. Kada ka yarda a kwance ba ya nan. Idan ka zo masa da fistan a leda kana cewa ga abin da ka yi, zai ce wa ya san daga wane inji ka ɗauko.

A fara da baƙin mai. A zuba shi cikin gora mai awo, kada a zubar ƙasa. Irin waɗannan injuna na 125 da 150 kusan lita 1 suke ɗauka. Idan abin da ya fito bai kai rabin lita ba, ko ya fito kamar kwalta, ko ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, an samu bakin zaren. Za a tabbatar idan aka buɗe kan injin: sandar da ke tura bawul da ƴan hannayenta za su nuna kankarewa, wani lokaci har ƙarfen ya koma shuɗi don zafi, sandar fistan kuma tana girgiza sama da ƙasa a kan gindinta. Wannan mutuwar ƙishirwa ce, kuma mai babur shi ke da alhakin sanin abin da ke cikin injinsa ranar da ya miƙa makulli.

Sai buji, wanda ƴan Katsina ke kira fulogi. Bakinsa launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ne. Baƙi mai ƙunci yana nufin fetur ya yi yawa, wannan kuwa ba ya kashe inji farat ɗaya. Fari fat kamar alli, ko bakin ya narke, shi ne abin tsoro, kuma shi muke zargi a naka. Ka ce ka sake salansa ka cire soson iska. Duk biyun suna ƙara iskar da ke ratsa injin. Idan ba a ƙara girman ƙaramar ƙofar fetur ta cikin karbirato ba, wadda makanikai ke kira jet, cakuɗin yakan zama iska da yawa fetur kaɗan. Irin wannan cakuɗi yana ƙonewa da zafi fiye da kima. A yawon cikin gari ba za ka lura ba, har ma ka ji babur ɗin ya ƙara kuzari. Amma idan aka murɗe totur har ƙarshe, zagaye uku a jere, saman fistan yakan fara ɓurɓushewa kamar an watsa masa yashi, wani lokaci ya huje, ko fistan ya kumbura ya liƙe a bangon silinda ya bar kankarewa mai faɗi, galibi ta ɓangaren salansa. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, idan an gauraya shi da kananzir, yana ƙara wannan cutar, domin yana sa injin ƙwanƙwasa. Idan haka aka gani, ƙanenmu, kai ka gina ramin, amininka ya zo ya faɗa kawai.

Akwai kuma mutuwar da ke wuyan mahayi. Idan mutum ya zo sa giya ta uku ya kuskure, giya ta faɗa wofi alhali totur na buɗe, ko ya taka ta koma ƙasa maimakon sama, injin yakan yi juyin da ya wuce ƙarfinsa. Bawul ba ya samun rufewa a kan lokaci, fistan ya hau ya buge shi. Alamar a bayyane take: saman fistan na da tabo kamar jinjirin wata, bawul kuma ya lanƙwashe. Ana gane lanƙwasar ta hanyar mirgina sandar bawul a kan gilashi, ko a kifa kan injin a zuba kananzir ta ƙofar iska a ga ko zai tsiyayo. Sai dai a nan a yi hattara. Idan ƙaramar sarƙar cikin inji ta saki ta tsallake haƙori, ko abin da ke ɗaure ta ya gaji, irin wannan tabon za a gani, kuma wannan tsufa ne, ba hannun mahayi ba. A duba ta kafin a yanke hukunci.

Ta ƙarshe ita ce ƙura. Siraran layuka daga sama zuwa ƙasa kewaye da silinda gaba ɗaya, zobban fistan sun cinye har tazarar bakinsu ta buɗe: wannan aikin watanni ne. Babur marar soson iska a garin da hunturu ke rufewa da hazo, kowace rana yana haɗiyar abin da ya yi kama da garin takardar goge ƙarfe. Kai mai walda ne, ka san abin da wannan garin ke yi wa ƙarfe.

Yawanci ba alama ɗaya ake samu ba. Za a iya ganin farin buji, ga layukan ƙura, ga kuma shaidar mutane cewa ya yi zagaye uku ba tare da ya bar injin ya huce ba. Inji mai sanyaya kansa da iska yana buƙatar minti 15 zuwa 20 a inuwa tsakanin zagaye da zagaye, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Duk wanda ya shekara 7 cikin tsere ya san wannan, don haka idan bai huta da shi ba, yana da nasa kason.

Game da wa zai biya, fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan ya bambanta kayan aro gida biyu. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, wanda ya ara ba ya ramawa idan ya lalace a hannunsa, sai in ya wuce iyakar abin da aka ba shi izini ko ya yi sakaci. Ka ba shi babur ɗin ne ka san tsere zai yi, ba kasuwa zai je ba. Kenan gudun kansa ba ƙetare iyaka ba ne. Abin da ya rage shi ne sakacin, kuma shi ne abin da buɗe injin zai nuna. Ku kai wa malamin unguwarku abin da bakanike ya gani, ya auna muku. A ganinmu, idan farin buji ne da huje fistan, kai za ka ɗauki kaso mafi girma, shi ya taimaka da kuɗin aiki. Idan bawul ne ya lanƙwashe alhali sarƙar ciki lafiya lau, shi zai sayi kaya. Idan abin ya cakuɗe, ku raba biyu ku huta. Kuma jika 60 ɗin nan ƙiyasi ne na wanda bai buɗe ba. Idan silinda ba ta tsage ba, ana iya rarake ta a sa fistan mai ƙarin girma, akwai na 0.25, 0.50, 0.75 da milimita 1, wanda ya fi sayen sabuwa sauƙi.

Yadda za ka je masa ya fi duk wannan muhimmanci, kuma gajere ne. Kai za ka taka, gidansu, bayan Isha, ba a fada ba inda kowa ke jiran ya ga wa zai sunkuya. Kada ka aika saƙon WhatsApp, kada ka aika ɗan aike. Ka gaishe shi da mutanen gida, sannan ka ce masa kana so a buɗe injin ranar kaza, kuma ba ka so a buɗe ba ya nan, abin da aka gani ka yarda da shi ko a kanka ya faɗa. Maganar ƙarshen nan ita ce makullin, domin wata 4 yana zaton hukunci ka riga ka yanke. Mutumin da ya zauna da kai kana ɗaure da karan ɗori ya cancanci tafiyar ƙafa ɗaya. Idan akwai babba a fadar da ku biyu kuke jin nauyinsa, ku tafi tare, amma ya zauna a matsayin shaida, bakinsa a rufe.

Yanzu jika 40 da ke hannun mai riƙo. A mayar wa kowa nasa yau. Biyu su aza kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce, ko an kira ta da wane suna, kuma ban da hukuncinta na addini, ita ce ta mayar da gardamar ƙiftawar ido ta zama gaba. Ba don kuɗin ba, da an ce a sake, an sake, an sha shayi. Idan ana son kyauta, ta fito daga wanda ba ya cikin tseren: mai shagon kayan babura ya sa galan na baƙin mai ko taya, ya samu talla.

Gardamar wa ya riga tashi kuwa tsohuwar cuta ce, kuma masu wannan wasa sun daɗe da yi mata magani. A Amurka, inda ya samo asali, da mutum ne ke tsayawa da tuta, sai a 1963 aka kawo sandar fitilu. A yanzu fitilu uku masu ruwan ɗorawa ne ke kamawa ɗaya bayan ɗaya, rabin sakan tsakaninsu, sannan kore. Tayar gaba tana tsaye a kan wani siririn haske da ke ratsa layin, wanda tayarsa ta bar hasken kafin kore ya kama, jan fitila ta kama masa, ya faɗi nan take, ba ƙorafi. Ku ba ku da wannan na'ura, amma kuna da wayoyi. Waya ɗaya a kan sanda a gefen layin tashi, daidai tsayin taya, yadda za ta ɗauki tayoyin gaba biyu da hannun mai sallama a hoto ɗaya. Ta biyu a layin ƙarshe. Ku sa su a ɗaukar nan mai rage sauri. Dalili shi ne bidiyo na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, babur mai gudun kilomita 90 a awa kuma yana cin mita 25 a sakan, kenan tsakanin hoto da hoto ya shafe kusan santimita 83, ya kusa rabin tsawon babur. A hoto 120 tazarar takan koma kamar santimita 21, a 240 kuma kamar 10. Mai riƙon waya kada ya zama ɗan fadar ko ɗaya daga cikin masu karawa, kuma a amince tun kafin a tada inji cewa abin da ta nuna shi ne ƙarshen magana.

Akwai wani tsari da muke so ku ɗauka, domin shi ya fi kowane riƙe mutane shekara da shekaru a wannan wasa. Kowa yana faɗin lokacin da yake jin abin hawansa zai yi, a rubuta. A ce nisan mita 201 ne, wato rabin mita 402 da aka saba. Wani ya ce sakan 12, wani ya ce 14 da rabi. Sai a saki mai 14 da rabi tukuna, bayan sakan 2 da rabi a saki ɗayan. Idan kowa ya yi abin da ya faɗa, tare za su iso. Wanda ya riga isowa ya ci, amma da sharaɗi: duk wanda ya yi sauri fiye da lokacin da ya rubuta ya faɗi, don kada mutum ya ɓoye ƙarfin injinsa. Idan duka biyun sun wuce, wanda ya wuce da kaɗan shi ya ci. Da agogon waya da hannu ake aunawa a wurinku, yatsan mutum kuma yana kuskuren kusan kashi biyu cikin goma na sakan, don haka ku bar rangwamen 0.3. Amfanin wannan tsari a fili yake. Ɗan kabu-kabu mai tsohon 125 yana iya doke ɗan alhaji mai sabon 250, tun da abin da ake gwadawa shi ne sanin babur ɗinka da daidaiton hannunka. Ba wanda zai ƙara cire soson iska don neman rabin sakan, domin rabin sakan ɗin ba zai amfane shi da komai ba. Fadar da ake cin nasara da aljihu, talakawanta sukan zame ɗaya bayan ɗaya, a bar mutum biyu suna harara.

Mahaifin yarinyar ya ce abokan tsere ba abokan arziki ba ne. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma bai ga inda abotar take ba. Gudun kansa sakan 12 ne. Sauran mako duka kwance-kwance ne da ɗaure-ɗaure, neman wani ƙaramin ƙarfe a kasuwa, riƙe wa juna fitila da dare. A manyan filayen wannan wasa, daga Santa Pod ta Ingila da aka buɗe a 1966 a kan tsohon filin jiragen yaƙi, zuwa Tarlton ta Afirka ta Kudu, sananniyar al'ada ce mutum ya ara wa abokin karawarsa kayan gyara don su samu su kara, domin nasara a kan wanda injinsa bai tashi ba ba ta da daɗi. Mutanen Maradi ba baƙin wannan hali ba ne. A filin kokowa na Kantu ana ka da mutum ƙasa, a miƙa masa hannu a tashe shi. Abotar da ke kai wa ga furfura ita ce wadda aka yi wa shinge tun ana dariya, kuma shingen nan ƙanana ne.

Na farkonsu aro. Babur ɗin tsere ba a ba da shi da baki kawai. Kafin makulli ya sauya hannu, a zaro ma'aunin mai a duba tare, a faɗi zagaye nawa aka yarda, a faɗi wa zai biya idan ya lalace, a gaban mutum biyu. Minti 2 ne. Wanda ya ji kunyar faɗin wannan, zai ji kunyar da ta fi ta a gaban bakanike.

Sai asusu. Ku tara ne. Jika 1 kowane mako daga kowa, jika 36 kenan a wata, ya wuce jika 400 a shekara. Mai riƙon kuɗi daban, mai riƙon littafi daban, a karanta lissafi a farkon kowane wata ana shan shayi. A rubuta abin da asusun ke biya: jinya tukuna, sannan kayan kariya, sannan wani kaso na gyaran injin da ya mutu a ranar tsere, kamar kashi ɗaya cikin uku. Da kuna da wannan, da rigimarku ta jika 60 ta ragu tun kafin ta fara. A cikin littafin nan kuma a riƙa rubuta lokacin kowa, girman jet, haƙoran faifan sarƙa na gaba da na baya, launin buji bayan kowane zagaye. Misali, rage haƙori 1 a gaba ya yi kusan daidai da ƙara 3 a baya, babur ya fi zabura amma ya rage gudun ƙarshe. Ilimin da ke cikin littafin fada na kowa ne. Wanda ke ɓoye sirrin injinsa ga abokan shayinsa, ya riga ya fara fita.

Abu na uku da fadoji ke mantawa shi ne mutum yana girma. Yau kai za ka yi aure, gobe wani zai haihu, wani ƙafarsa ba za ta ƙara yarda ba. Idan hawa kaɗai ne matsayi a fada, duk wanda ya sauka ya zama baƙo. A samar da aiki: mai sallama, mai agogo, mai littafi, mai duba babura kafin a jera. Mai dubawar nan yana da ikon hana kowa, ko shugaban fada ne. Zai duba burki gaba da baya, taya marar tsagewa, sarƙa mai sassaucin santimita 2 zuwa 3, totur da ke komawa da kansa idan an saki, ba yoyon mai, da hular kwano mai rufe haɓa a ɗaure, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Silifas da hular zanna ba su shiga layi. Baƙin mai kuma a sa na babur, irin 20W-50 mai alamar JASO MA a jikin gora, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi.

Mun bar mafi nauyi a baya da gangan, don kada ka daina karatu tun farko. Kwaltar bayan gari ba wurinku ba ne. Tsere a kan hanyar jama'a laifi ne a doka, kuma lissafin ma bai ba ku gaskiya ba. A gudun kilomita 90, kafin idonka ya gani hannunka ya kama burki ka ci mita 25. Burkin kansa, a kan kwalta mai tsabta da taya mai kyau, yana buƙatar kamar mita 50. Idan iska ta shimfiɗa yashi a kan hanyar, yadda take yi a kan ta Dakoro ko ta Ɗan Isa, nisan na iya ninkawa. Da sassafe kuma lokacin amalanke ne, da awaki, da mata masu kai nono gari. Hukumar da ke gudanar da wannan wasa a Amurka, NHRA, Wally Parks ya kafa ta a 1951 a Kalifoniya musamman don a ɗauke matasa daga titi a kai su rufaffen fili. Ko a can, bayan mutuwar direban tsere Scott Kalitta a 2008, sai da suka rage nisan manyan motocinsu daga mita 402 zuwa 305 don a samu ƙarin wurin tsayawa. Masu ƴan kwana-kwana da likitoci a bakin layi kenan. Ba abin da ke kashe abota irin gawa. Fadar da ta ɗauki yaron mutane a ƙarƙashin taya ba ta sake zama.

Maradi ba ta da filin da aka gina don wannan, saboda haka hanyar ita ce ku zama ƙungiya mai rajista da shugabanni da dokoki a rubuce, ku haɗa da waccan fadar da kuka yi gardama da ita don yawanku ya yi nauyi, ku je ma'aikatar magajin gari da wurin ƴan sanda ku nemi izinin wani wuri da za a rufe muku na ƴan awoyi. Ku nemi mita 500 aƙalla: 201 na gudu, sauran na tsayawa, ba bishiya ko turken lantarki a ƙarshe. A share yashi da tsintsiya, ƴan kallo su tsaya bayan layin tashi, mota ɗaya a ajiye da direba don asibiti, lambar ƴan kwana-kwana 18 a wayar kowa. Kafin izinin ya fito, a dakata da gudu. Fada ba za ta mutu ba, ga injinka nan ma aikin makonni ne.

Surukinka kuwa, kada ka yi masa gardama kuma kada ka rantse masa za ka rabu da abokanka. Ka tura kawunka ko wanda ke nema maka auren ya gaya masa ka bar gudu a kan titi kuma ka bar aza kuɗi, sannan ka cika. Abin da dattijon ke tsoro ƴarsa ta yi takaba da ƙuruciya, kuma yana da hujja.

Idan ka je amininka ya ƙi zuwa wurin buɗe injin, a buɗe a gaban shaidu biyu, a ɗauki hoton komai, a ajiye tsofaffin kayan cikin kwali, ka gyara da kuɗinka, ka ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba. Idan ya zo, ku ɗaura injin tare. A mayar da soson iska, a wanke shi a shafa masa ɗan mai. Idan za ka bar sabuwar salansar, a ƙara jet mataki ɗaya, a gwada, a duba buji, a sake har ya yi launin ƙasa. Sabon fistan yana son kilomita 500 na tafiya a hankali, ba a wuce rabin totur, a sauya mai a ƙarshensu sannan a sake auna tazarar bawul. Kilomita 500 tafiya ce mai yawa ga mutum ɗaya, ka riƙa ba shi makullin yana zuwa Tibiri ya dawo.